Na zuba labarai 47 a WordPress, ko ɗaya bai fito a fuskar shafin ba. Ina kuskuren yake?

Sakatare_Ƙarami:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah agaji nake nema. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta biya wani ya gina mana shafin intanet da WordPress. Da ya gama sai ya turo min sunan shiga da kalmar sirri ta WhatsApp, ya ce sauran duk mai sauƙi ne. Tun daga ranar in na kira ba ya ɗagawa. Ni aka ɗora wa saka labarai, wai ni ne yaro a cikin shugabanni. Wata uku ke nan ina sakawa: sanarwar taro, ta'aziyya, ɗaurin aure, rahoton kuɗin gyaran ajujuwa. Yanzu sun kai 47. To amma wurin da aka tanada don labarai a fuskar shafin, har yau wani guntun rubutun Turanci ne zaune a ciki wai "Hello world!". Su kuma nawa labaran duk sun je sun cunkushe a jerin nan na sama, sun yi layi shida, sai ka yi ta ja ƙasa kafin ka ga hoton makarantar. Ranar Asabar akwai babban taro, shugaba ya ce za a haska shafin da majigi. Wallahi barci ya gagare ni.

MalamKod:
Wa'alaikumus salam. Tambaya ɗaya kafin komai. In ka shiga dashbod, wato wurin da kake gudanar da shafin daga ciki, a jerin hagu wanne kake dannawa in za ka saka labari, "Posts" ko "Pages"?

Sakatare_Ƙarami:
Na biyun nake dannawa Malam. Na ga ai shafi nake son ƙarawa.

MalamKod:
To shi ke nan, an gano ciwon. Ba abin da ya lalace, ka kwantar da hankalinka. Ƙofar da ba ita ba ka yi ta shiga.

WordPress yana da mazubi biyu na rubutu. Fost shi ne labari mai kwanan wata, sabo ya hau kan tsoho, kamar yadda ake karanta labaran rediyo: na yau ne a gaba, na jiya ya koma baya. Feji kuwa kamar allon da ake kafewa a ƙofar makaranta ne, tarihin ƙungiya, sunayen shugabanni, yadda za a tuntuɓe ku. Ba ya shiga layin labarai, ba a saka shi a rukuni, yana nan inda aka kafe shi. Wurin labaran da ke fuskar shafinku fost kawai yake ɗebowa, kuma fost ɗaya ne tak a shafin, wato wancan na gwaji da WordPress ke zuwa da shi ranar da aka girka shi. Shi ya sa yake zaune shi kaɗai kamar maraya.

Cunkoson sama kuma, ko dai wanda ya gina bai haɗa jerin da hannu ba, jigon, wato rigar da ke ba shafin kamanninsa, ya ɗebo duk wani feji ya jera, ko kuma ya bar alama a akwatin nan da ke cewa duk sabon feji a ƙara shi cikin jeri kai tsaye.

MaiKafe_Sabongari:
Haha, ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne. A kafe ɗina na gyara wa mutum uku irin wannan a bana kawai. Ɗaya ma ya kai 200 kafin ya zo.

Ummu_Sumayya:
Sannu ƙanina. Abin da zan ƙara, kuma shi ne abin da na so a ce an nuna min tun farko: ka kalli can saman dashbod ta hannun dama, ƙasa da inda aka rubuta sunanka. Akwai 'yan maɓallai biyu ƙanana masu launin toka, ɗaya "Screen Options", ɗaya "Help". Na yi shekara biyu ina aiki da WordPress ban taɓa danna na biyun ba, na ɗauka ado ne. Abin da ya sa yake da amfani shi ne bayaninsa yana canzawa gwargwadon inda kake tsaye. In kana wurin fejoji, zai gaya maka mene ne feji da bambancinsa da fost, daidai abin da MalamKod ya faɗa yanzu. In ka koma wurin rukunoni, bayanin rukunoni zai ba ka. Ba ya fitar da kai daga shafin, saukowa kawai yake kamar labule, ka karanta ka sake dannawa ya koma.

Sakatare_Ƙarami:
Innalillahi. Anti yanzu na danna, ga shi nan kuwa a rubuce. Wata uku amsar tana saman kaina.

Bagobiri77:
Ni fa ban yarda laifin yaron nan ba ne, kuma ban yarda wannan maɓallin zai raba gardama ba. Ku faɗi gaskiya, mutum nawa ne zai karanta wancan Turancin ya fahimta? Kana neman ma'anar kalma ɗaya, a bayanin sai a jefo maka sababbi uku. An ce maka feji yana iya zama ƙarƙashin wani feji uba da ɗa, an ce akwai silog, an ce akwai taƙaitawa. Wanda bai san gari ba ka ba shi taswira da yaren da ba ya ji, me ka yi masa? Mu a yarenmu gidan gaba ɗaya shafi ne, na Facebook shafi ne, na littafi shafi ne, wancan fejin ma shafi ne. Yaro ya ce shafi yake son ƙarawa, ya danna shafi. Ina kuskurensa?

Malamar_Hausa:
Bagobiri ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kalmar shafi ta yi wa kanta kaya da yawa. Ni a ajin da nake koya wa 'yan mata, ga yadda muka sasanta: gidan gaba ɗaya mu ce dandali, feji mu bar masa shafi, fost kuma mu ce rubutu ko labari. Tun da muka raba su haka ba wadda ta sake ruɗewa. Kategori rukuni ne, wannan ba gardama. Tag ne har yau ban samu abin da ya kwanta min ba. Wasu na cewa alama, ni na fi son laƙabi.

Bagobiri77:
Malama, dandali ai mu mun san shi da wurin da ake taruwa a yi hira, irin wannan zauren da muke ciki. Shafin kamfanin siminti da ba mai cewa uffan a cikinsa, shi ma dandali ne?

Malamar_Hausa:
To kawo taka mu ji. Suka ba ta da wuya.

Damagaram_Info:
Salamu alaikum daga Zinder. Ku kuna kukan Turanci, mu nan namu dashbod da Faransanci yake, kuma abin dariya shi ne a wannan gaɓar mun fi ku sauƙi. Abin da kuke kira fost, mu "Articles" aka rubuta mana, kowa ya gani ya san labarin jarida ake nufi, ba mai kai sanarwar ɗaurin aure cikin "Pages". Maɓallin taimakon kuma "Aide" ne, yana nan a kusurwar da Hajiya Ummu_Sumayya ta faɗa. Wahalarmu tana zuwa ne in muka nemi bidiyon koyarwa na Hausa, kusan duk daga Najeriya suke, mai bayani ya ce danna filogin, wato ƙarin da ke ba shafi sabon aiki, ni kuma a gabana "Extensions" nake gani. Na daɗe kafin na gane abu ɗaya ne. Dabarar da na koya: kowane mai amfani yana iya zaɓar yaren dashbod ɗinsa a cikin furofayil ɗinsa ba tare da ya taɓa yaren da baƙi ke gani ba, in dai an riga an sauke yaren a shafin. Tun fitowar 4.7 a ƙarshen 2016 aka kawo wannan. Sai in juya nawa Turanci in bi darasi, in na gama in mayar.

Sakatare_Ƙarami:
Na gode ƙwarai. To yanzu ya zan yi da 47 ɗin nan? Sai na sake buga su ɗaya bayan ɗaya? Data ta ma ba za ta kai ba.

MalamKod:
A'a. Akwai filogin mai suna Post Type Switcher, kyauta ne a ma'ajiyar WordPress. In ka girka shi, za ka iya zaɓar fejoji da yawa a lokaci guda ka mayar da su fost, kwanan watan kowanne yana nan yadda yake. Amma kafin ka taɓa komai, je wurin kayan aiki a jerin hagu, akwai inda ake fitar da duk rubutun shafin a fayil ɗaya na XML, ka sauke ka ajiye. Ba cikakken madadi ba ne, hotunan kansu ba sa ciki, amma ya fi babu. In kamfanin da ke riƙe muku shafin yana da wurin ɗaukar cikakken kwafi, yi wannan ma.

Ka lura da abu ɗaya: jerin yana nuna 20 ne kawai a kowane zubi. Nan ne ɗayan maɓallin da Hajiya ta ambata zai yi maka rana. Danna "Screen Options", ka mayar da 20 ɗin 50, duk su bayyana a gabanka. Kada ka haɗa da fejin tarihin ƙungiya da na tuntuɓa, su a nan ne gidansu.

Kwaro_Mai_Waya:
Ni ban ga wani Help ba a nawa. Ko nawa WordPress ɗin jabu ne?

MaiKafe_Sabongari:
@Kwaro da waya kake ko kwamfuta? In manhajar waya ce ka sauke, tsarinta daban ne. Buɗe Chrome, rubuta adireshin shafinka ka ƙara /wp-admin a ƙarshe, in bai fito ba ka kunna yanayin kwamfuta a ɗigo ukun burauza.

Kwaro_Mai_Waya:
Kwamfuta ce. Ina cikin wurin rubuta labari.

Ummu_Sumayya:
Shi ya sa. A cikin sabon wurin rubutun ba ya nan. Tun da aka fito da 5.0 a Disamba 2018 aka canza editan zuwa na tubala, wanda ake kira Gutenberg, kowane sakin layi tubali, kowane hoto tubali. A can sai ka danna ɗigo ukun da ke saman dama, a ƙasa za ka ga jagorar maraba, da jerin gajerun hanyoyin allon rubutu, da mahaɗin da zai kai ka bayani a waje. Ni abin da ya fi min amfani a can shi ne alamar / a sabon layi: ka buga ta, jerin tubalan ya fito, ka zaɓi hoto ko kan magana ba tare da ka nemi linzami ba.

Bagobiri77:
Kun gani ko? Inda mutum ya fi buƙatar taimako, wato lokacin da yake rubutu, nan ne aka ɓoye shi ƙarƙashin ɗigo uku. Ni har gobe da tsohon editan, Classic Editor, nake aiki, ban ga abin da zai raba ni da shi ba.

MalamKod:
Ranka ya daɗe wannan kuma sabo ne, ba hujja ba. Yaran da suka fara da tubala in ka ba su tsohon editan su ma cewa za su yi an ɓoye musu komai. A tsohon ma ai akwatin taƙaitawa ba ya fitowa sai ka je ka sa masa alama a zaɓin allo.

ZangoBoy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni tambayata kan rukuni da tag ce tunda Malama ta taɓo. Shafin labaran unguwarmu yana da rukuni sama da 90, duk wanda ya rubuta labari sai ya ƙirƙiri sabo. Akwai "Wasanni", akwai "Wasa", akwai "Ƙwallo", akwai "Kwallo" marar lanƙwasa. Tsoro nake ji in goge, kada labaran su bi su.

Ummu_Sumayya:
Ba za su bi su ba, kuma wannan ma a rubuce yake a ƙasan jerin rukunonin, ba mai karantawa ne kawai. In ka goge rukuni, labarin da ba shi da wani rukunin sai shi, komawa yake rukunin asali. Amma gara ka fara kwashe labaran zuwa inda kake so kafin ka goge, in ba haka ba za su taru maka wuri ɗaya ka rasa na wasa da na ta'aziyya.

Yadda nake bayyana wa mutane: ka ɗauki Kantin Kwari. Rukuni shi ne layi, layin atamfa, layin shadda, layin leshi. Kaɗan ne, kuma ana iya samun ƙaramin layi a cikin babba, kamar Ƙwallon Ƙafa a ƙarƙashin Wasanni. Tag kuwa 'yar takardar da ake liƙa wa kowane ƙunshi ce, launi kaza, kamfani kaza. Ba ta da uba ba ta da ɗa, kuma ba dole ba ce. Fost dole ya kasance da rukuni, amma zai iya fita ba tag ko ɗaya. Shafin unguwa rukuni shida zuwa takwas sun ishe shi. Sunan ƙungiyar ƙwallo ko sunan unguwa, wannan aikin tag ne.

Malamar_Hausa:
Kin ga misalinki ma laƙabi yake goyon baya, Hajiya. Abin da ake liƙawa.

Bagobiri77:
Laƙabi ai sunan da ake yi wa mutum ne, kamar Ɗan Auta ko Mai Gemu. Liƙawa daban, laƙabi daban Malama.

Malamar_Hausa:
Kai ma ka san laƙaba wa mutum suna ake yi. Kada ka ja ni.

Gwanin_Drupal:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku gode wa Allah WordPress kaɗai kuke fama da shi. Ni na fara da Joomla, na koma Drupal a wurin aiki, yanzu ina taɓa WordPress a gefe. Kalma ɗaya ma'ana biyu. A Drupal, modul shi ne abin da ku kuke kira filogin, wato ƙarin da ke ba shafi sabon aiki. A Joomla kuwa modul ɗan akwati ne da ake ajiyewa a gefen shafi, kusan abin da WordPress ke kira wijit. Abin da kuke kira jigo, Joomla tamfilet yake ce masa. A Drupal kowane rubutu nod ne, ko labari ko feji. Blogger na Google kuma bai raba rukuni da tag ba, abu ɗaya ya ba ka ka yi duka da shi. Saboda haka in za a zauna a sama wa kalmomin nan Hausa, aikin abu za a kalla, ba sunan da wani ya raɗa masa ba. In ba haka ba ranar da yaro ya bar WordPress sai ya koma aji ɗaya.

Su ma sauran suna da nasu taimakon na ciki. Joomla maɓallinsa yana kan sandar kayan aiki a kowane allo, Drupal yana da sashe guda na taimako a wurin gudanarwa. Ko'ina dai halin ɗaya ne, ba mai dannawa sai gobara ta tashi.

MaiKulaDaZaure:
Jama'a a tuna ɗan'uwanmu Asabar yake jira. Maganar fassara a buɗe mata nata zaren in ana so.

Damagaram_Info:
Kafin a rufe ta, kalma ɗaya. Fassarar WordPress ba wani kamfani ke zama ya yi ba, masu sa kai ne a translate.wordpress.org, ƙungiyar da ake kira Polyglots. Faransancin da nake morewa haka aka yi shi, mutane suka zauna jimla bayan jimla, har da rubutun cikin maɓallin taimakon. Duk mai asusu a wordpress.org yana iya ba da shawarar fassara, masu dubawa su amince ko su gyara. Malama da Bagobiri, ƙarfin da kuke kashewa nan da can kuka kai shi.

Sakatare_Ƙarami:
Na dawo. Na yi yadda MalamKod ya ce, 44 sun koma fost, uku na bar su feji. Alhamdulillah labarai sun fito a fuska, jerin sama ya koma layi ɗaya bayan na cire su daga ciki. Amma na ga wani abu. Na tura wa shugaba mahaɗin labarin "Taron ƙungiya na ƙarshen shekara" ta WhatsApp, sai ya fito da wasu %c6%99 a tsakiya, dogo kamar lambar katin waya. Ya kira ni yana tambaya ko an yi mana kutse.

MalamKod:
Ba kutse ba ne, harafin ƙ ne. Wannan shi ne silog ɗin da Bagobiri ya ambata ɗazu, wato guntun ƙarshe na adireshin labari. WordPress yana ƙera shi daga kan labarin: ya mayar da haruffa ƙanana, ya sa ɗan layi a madadin tazara. Haruffan Faransanci masu hula yana cire musu hular, amma namu masu lanƙwasa sai ya bar su, a adireshi kuma su rikiɗe su zama lambobi. ƙ ta zama %c6%99, ɗ ta zama %c9%97, ɓ ta zama %c9%93. Mahaɗin yana aiki lafiya, muni kawai gare shi. Maganinsa, kafin ka wallafa ka buɗe wurin silog a gefen dama ka rubuta shi da hannu ba lanƙwasa, gajere: taron-kungiya-2025 ko makamancinsa. Kan labarin kuma ka bar shi da ƙ ɗinsa yadda ya dace, wannan ba ruwansa da adireshi.

Abin da ba na so ka taɓa shi ne tsarin adireshin gaba ɗaya da ke cikin saituna, wanda ake kira famalink. Da zarar mutane sun fara yaɗa mahaɗanku, in ka sauya tsarin wasu tsofaffin za su iya mutuwa, mai dannawa ya ga 404, wato ba a sami shafin ba.

Malamar_Hausa:
Allah ya saka da alheri Malam da ka ce a bar kan labarin da lanƙwasarsa. Saboda wannan mahaɗin kawai na ga shafuka sun daina rubuta ƙ da ɗ gaba ɗaya, har ka rasa ƙasa ake nufi ko kasa.

Ummu_Sumayya:
Ƙanina tunda aiki ya fara kyau, ga gargaɗi daga wadda ta ɗanɗana. Bayan taron Asabar kowa zai ce a ba shi damar saka labari. Kada ka raba wa kowa sunan shigarka. Matsayi biyar ne a shafi irin naku. Mai gudanarwa yana riƙe da duk makullai. Edita yana iya gyarawa da wallafa rubutun kowa amma ba ya taɓa jigo ko filogin. Marubuci nasa kawai yake wallafawa. Mai ba da gudummawa yana rubutawa ya tura a duba, ba ya wallafawa, ko hoto ba ya iya ɗorawa. Na ƙarshe mai rajista ne, furofayil ɗinsa kawai gare shi. In ka je wurin ƙara sabon mutum ka danna taimakon nan, duk ga su a jere.

Ni ɗan yayata na ba matsayin mai gudanarwa don ya taya ni saka hotunan kaya a shafin sana'ata. Daren jajiberin sallah ya ga wani jigo ya burge shi, ya kunna. Da safe na buɗe na ga shafin kamar gidan da aka yi wa sata, ba jeri, ba lambar waya a gefe, launi duk ya canza. Na zauna na yi kuka na gaske, na ɗauka aikin shekara biyu ya tafi. Ashe ko layi ɗaya bai ɓata ba. Rubutu yana can a rumbun bayanai, jigo riga ce kawai. Na mayar da tsohon jigon, na gyara jerin, komai ya dawo. Amma sallar nan ban ji daɗinta ba.

MaiKafe_Sabongari:
In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta. Sakatare, shi wanda ya gina muku shafin ma duba ko har yanzu yana da asusun mai gudanarwa. Kuma ka tambayi shugaba sunan wa aka yi rajistar adireshin da shi, da ranar da kuɗin zai ƙare. Adireshi daban, filin da shafin ke zaune a kai daban, kowanne da lokacin biyansa. In mai ƙarewa da .ng ne, hukumar NiRA ce ke kula da su ta hannun dillalai masu rajista, amma dai imel ɗin wanda ya yi rajista ake aika wa tunatarwa. Mutumin da ba ya ɗaga waya ba zai turo muku ita ba.

Sakatare_Ƙarami:
Wannan kam ban sani ba wallahi. Zan tambaya gobe.

ZangoBoy_Kumasi:
Ƙarin abu ɗaya da ya taɓa kama wani abokina na Kaduna. Ya saita sanarwa ta fita ƙarfe 8 na safe, ta fito ƙarfe 9. Agogon WordPress yana zuwa ne a kan UTC, mu nan Ghana daidai yake da namu shi ya sa ban taɓa lura ba, ku kuwa Najeriya da Nijar kuna gaba da awa ɗaya. A saitunan gama-gari ka zaɓi Legas ko Yamai a wurin agogo.

Bagobiri77:
To ni dai har yanzu ina kan bakata. Duk abin da aka warware a zaren nan, mutum ne ya warware shi da Hausa, da misalin kasuwa da na riga. Maɓallin bai ce masa Kantin Kwari ba.

Ummu_Sumayya:
Ba wanda ya musa, Yaya. Amma ni ma rabin abin da na faɗa can na karanto shi. Kuma ƙarfe biyun dare in abu ya rikice, mu muna barci, shi yana nan.

Kwaro_Mai_Waya:
Ni dai na goge wani labari bisa kuskure makon jiya, akwai yadda za a yi?

MaiKafe_Sabongari:
Duba kwandon shara a saman jerin fost ɗin. Kwana 30 yake ajiyewa kafin ya zubar. In kuma gyara ka yi ka ɓata rubutun, akwai tarihin gyare-gyare a cikin editan, ka koma na baya.

Kwaro_Mai_Waya:
Yana nan! Na gode Oga.

Sakatare_Ƙarami:
An yi taro jiya, an haska, an yi tafi. Na jefa "Hello world!" a shara tun daren Juma'a. Sai dai ana tsaka da nunawa wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya ɗaga hannu, ya ce shi ya ga ƙarƙashin kowane labari an rubuta "Uncategorized", wane ne wannan bawan Allah da ya rubuta labarai 44 shi kaɗai, ɗan wace shekara ne? Na rasa amsa. Na dawo gida na je in goge shi, babu ma wurin gogewa.

MalamKod:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shi ne rukunin asalin da Hajiya ta faɗa wa ɗan Kumasi, ba ya goguwa muddin shi ne na asali. Canza masa suna kawai ka ce "Labarai", ka gyara silog ɗinsa shi ma. Ko ka buɗe rukunoninka, Sanarwa, Ta'aziyya, Ayyuka, ka je saitunan rubutu ka naɗa ɗaya a matsayin na asali, sannan tsohon zai yarda a goge shi.

Malamar_Hausa:
Ka sa masa "Sauran Labarai". In ka ce "Labarai" kawai, to ta'aziyyar da sanarwar su ba labarai ba ne?

Bagobiri77:
Malama ta dawo. Sakatare, ka tambayi shugaba maganar rajistar adireshin kuwa?

Sakatare_Ƙarami:
Na tambaya. Ya ce takardar tana wurin tsohon ma'aji, shi kuma ya tafi Umara sai bayan sati biyu.